Takunkumin Haske Na Gyaran Fata: Ja Ko Shuɗi, Mai Laushi Ko Mai Tauri?

Wanda ya ƙudurta sayen takunkumin haske, wato abin rufe fuska mai ƙananan fitilun LED a cikinsa, domin kula da fatar fuskarsa a gida zai tarar da cewa na'urorin da ake tallatawa da wannan suna ba iri ɗaya ba ne, ko da yake a hoto duk sun yi kama da juna. Akwai mai laushi da ke lanƙwasawa ya bi tsarin fuska, akwai mai tauri da ke zama a kan karan hanci kamar tabarau, akwai mai fitar da jan haske kaɗai, akwai mai haɗa ja da shuɗi, sannan akwai wanda ake yi wa kirari da launi bakwai. Tambayar da ta kamata mai saye ya fara amsawa ita ce wace matsala yake son magancewa, domin launin da ke taimakon mai kuraje daban yake da wanda ke taimakon mai tamoji, kuma launin da ya amfani wani yana iya ƙara wa wani baƙin tabo.

Tunanin cewa haske mai rauni yana iya motsa fata ta gyara kanta ya samo asali ne daga wani likita ɗan ƙasar Hangari, Endre Mester, wanda a 1967 ya haska leza mara ƙarfi a bayan ɓerayen da aka aske, ya lura cewa gashinsu ya riga na sauran tsirowa. A shekarun 1990 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta yi amfani da fitilun LED wajen raya tsirrai, daga nan aka gwada su a kan warkar da rauni. Kamfanoni suna son ambaton sunan NASA a tallansu, amma wannan tarihi bai tabbatar da ingancin wata na'ura guda da ke kasuwa a yau ba.

Ana bambance launukan haske da tsawon zangonsu, wanda ake aunawa da nanomita, kuma lambobi uku ne suka fi muhimmanci a nan. Shuɗin haske da ake amfani da shi yana wajen nanomita 415, ja yana tsakanin 630 da 660, sai hasken infirared na kusa, wanda ido ba ya gani, tsakanin 830 da 850. Gwargwadon tsawon zangon, gwargwadon zurfin da hasken ke shiga: shuɗi yana tsayawa a saman fata, ja yana kaiwa ga sashen da ke ƙarƙashi inda ake ƙera kolajin, wato sinadarin da ke ba fata ƙarfi da ɗamewa, infirared kuma ya zarce su duka. Babu ɗayansu da ke cikin hasken UV mai ƙona fata, wanda zangonsa ke ƙasa da nanomita 400. Saboda infirared ba ya ganuwa, mai sabon takunkumi yakan ga wasu ƙwayayen fitila kamar a mace ya zaci na'urar ta lalace, alhali suna aiki.

Aikin shuɗin haske ya fi sauran sauƙin bayani. Ƙwayar bakteriya mai suna Cutibacterium acnes, wadda ke zaune a ƙofofin gashi masu maiƙo, tana ƙera wasu sinadarai da ake kira forfirin. Idan shuɗin haske ya bugi waɗannan sinadarai sai su saki wani nau'in iskar oksijin mai lalata ƙwayar daga cikinta. Don haka amfaninsa yana kan kurajen da suka kumbura, masu zafi ko masu ɗan farin kai, matuƙar ba su yi tsanani ba. Ba ya buɗe ƙofar gashin da ta toshe, ba ya rage maiƙon da sauyin sinadaran jiki ke haifarwa, kuma ba ya isa ga manyan kuraje masu zurfi da ke barin rami a fata. Wani gwaji da aka buga a Ingila a shekarar 2000, a kan mutum 107, ya nuna cewa haɗa shuɗi da ja na minti 15 kullum ya rage kumburarrun kuraje da kimanin kashi 76 cikin ɗari bayan mako 12, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa yawancin takunkumin kuraje ke haɗa launukan biyu. Sai dai a 2016 ƙungiyar Cochrane, mai tantance binciken lafiya, ta tattara gwaje-gwaje 71 na maganin kuraje da haske iri-iri, ta yanke cewa hujja mai ƙarfi ta yi ƙaranci, domin yawancinsu ƙanana ne kuma gajeru.

Akwai wani gefe na shuɗin haske da talla ba ta cika faɗa ba, kuma a ganina shi ya kamata ya fi nauyi a ma'aunin duk mai duhun fata. Likitocin fata suna amfani da ma'aunin da Thomas Fitzpatrick ya fara tsarawa a 1975, wanda a yau ya kasa fata kashi shida, daga mafi haske zuwa mafi duhu. Bincike ya nuna cewa hasken da ido ke gani, musamman ɓangaren shuɗi, yana tunzura ƙwayoyin da ke ƙera melanin, wato sinadarin da ke ba fata launi, a fata mai duhu, kuma duhun da ya bari yakan daɗe fiye da wanda UV ke bari, alhali fata mai haske sosai ba ta nuna wannan sauyi. Ga mutumin da ke kashi na huɗu zuwa na shida, sau da yawa ƙurjin kansa yana wucewa cikin kwanaki, baƙin tabon da ya bari ne ke zama watanni. Idan na'urar ta rage kuraje amma ta ƙara wa tabo duhu, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Abin ya fi tsanani ga mai melasma, wato baƙin tabo mai faɗi da ke fitowa a kumatu, goshi da saman leɓe, galibi ga mata, domin haske da zafi duka suna tayar da ita. Mai wannan lalura ya nisanci shuɗi gaba ɗaya, kuma ko ja da infirared kada ya fara sai ya tuntuɓi likitan fata, tunda ɗumin da ke taruwa a ƙarƙashin takunkumi kaɗai yana iya isa ya tsananta ta.

Jan haske da infirared suna aiki ta wata hanya dabam. Bayanin da masana suka fi karɓa shi ne cewa wani sinadari a cikin mitokondiriya, wato sashen da ke samar wa ƙwayar halitta makamashi, yana shan wannan haske, sai ƙwayar ta ƙara kuzari, kumburi ya lafa, ƙwayoyin da ke ƙera kolajin su ƙara aiki. Abin da za a iya sa rai da shi shi ne laushin fata, raguwar ƙananan tamoji a gefen ido da baki, da saurin lafawar kumburi. Fatar da ta saki a muƙamuƙi ba za ta ɗame ba, tamoji mai zurfi ba zai cike ba, ramin da tsohon ƙurji ya bari ma yana nan. Sauyin kuma a hankali yake zuwa, domin kolajin ba ya ginuwa cikin kwanaki, shi ya sa gwaje-gwajen da aka yi suke ɗaukar mako 8 zuwa 12 kafin a auna sakamako. Yana da kyau a san cewa da yawa daga cikin waɗannan gwaje-gwaje kamfanonin da ke ƙera na'urorin ne suka ɗauki nauyinsu, wanda hakan bai soke sakamakon ba amma yana kira ga taka-tsantsan wajen karanta shi.

Game da takunkumi mai launi bakwai, magana ba ta da tsawo. Hujjar da ake da ita kan kore, ruwan ɗorawa, shunayya da fari ba ta kusa da ta ja da shuɗi ba, kuma sau da yawa waɗannan launuka haɗi ne kawai na ƙwayayen ja, kore da shuɗi, ma'ana wanda ya zaɓi shunayya ko fari yana shan shuɗin haske bai sani ba. Na'urar da ta tsaya kan zango biyu ta kuma rubuta lambobinsu ƙarara ta fi wadda ta yi alkawarin launuka da yawa ba tare da lamba ko ɗaya ba.

Bayan launi sai siffa, kuma a nan ne jin daɗin amfani ke shigowa. Takunkumin silikon mai laushi, irin su Omnilux Contour da na CurrentBody, yana kwanciya a kan fata, ana ɗaure shi da madauri ta bayan kai, kuma waɗannan biyun sun yi suna da haɗa nanomita 633 da 830 a zama na minti 10. Kusancinsa da fata babbar fa'ida ce, domin ƙarfin haske yana raguwa da sauri idan tazara ta ƙaru, saboda haka fitilar da ke manne da kunci tana isar da kusan duk abin da ta fitar. Ba shi da nauyi, yana shimfiɗuwa a jaka, kuma ana iya naɗa shi a wuya ko a bayan hannu. Aibinsa shi ne yana tara gumi da maiƙo, dole a goge shi bayan kowane amfani, sannan yawan lanƙwasawa yana iya karya siraran wayoyin da ke ciki. Haka nan ba kowace fuska yake bi daidai ba: a wurin wasu yakan ɗage a gefen hanci da haɓa, ya kuma bar saman leɓe ba haske.

Takunkumi mai tauri, wanda SpectraLite FaceWare Pro na Dr. Dennis Gross ke cikin sanannunsa, an ƙera shi da roba mai ƙarfi a kan siffa guda. Wannan na'ura tana ba da zaɓin ja, shuɗi ko haɗinsu, zamanta kuma minti 3 ne kacal. Gajeren lokaci irin wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya san kansa da saurin gajiya, domin na'urar da ake sakawa kullum na minti uku ta fi amfanin wadda aka ajiye a aljihun tebur bayan mako biyu. Mai tauri ya fi juriya, ya fi sauƙin gogewa, kuma da yake ba ya manne wa ko'ina, iska tana ɗan shiga. Amma siffarsa ba ta sauyawa, don haka mai faɗin fuska ko gajeren hanci zai ji yana danna shi a wani wuri yana kuma nisa da fata a wani, hasken ya zama bai rabu daidai ba. Nauyinsa yana sauka a kan karan hanci, abin da wasu ba sa jurewa. Idan da za a tambaye ni, mai neman gyaran tamoji ya ɗauki mai laushi, shi kuwa mai kurajen da ke tashi da gumi da gogayya ya duba mai tauri.

Akwai siffofi biyu da ba takunkumi ba ne amma suna gasa da shi. Allon haske da ake kafawa a tebur yana rufe fuska, wuya da ƙirji a lokaci guda, ba ya taɓa fata, kuma yakan fi ƙarfi, sai dai yana buƙatar a zauna a gabansa a tazarar da aka ƙayyade, da tabarau na kariya. Ƙaramar sandar hannu kuma ta dace da ƙurji ɗaya ko biyu, kuma ga mai duhun fata da ke son gwada shuɗi tana da wata fa'ida, tunda hasken yana sauka a kan ƙurjin kaɗai. Bi da ita ko'ina a fuska aiki ne mai cin lokaci da ba kowa ke ɗorewa a kai ba.

Lambar da kamfanoni suka fi tallatawa ita ce yawan ƙwayayen fitila, amma ita kaɗai ba ta faɗin komai. Abin dubawa shi ne ƙarfin hasken da ke sauka a kan kowane murabba'in santimita na fata, wanda ake rubutawa da miliwat, da kuma tsawon zaman. Lissafin mai sauƙi ne: na'urar da ke ba da miliwat 30 na minti 10, wato daƙiƙa 600, ta isar da jul 18, wato jimillar makamashin hasken, a kowane murabba'in santimita, wadda ke ba da miliwat 5 kuwa sai ta yi awa guda kafin ta kai wannan adadi. Kamfanin da ya ƙi bayyana wannan lamba ya bar mai saye cikin duhu. Kuma ƙarin haske ba kullum yake nufin ƙarin amfani ba, domin an lura cewa amfanin wannan magani yana hawa zuwa wani mataki sannan ya fara sauka idan aka wuce. Wanda aka ce ya yi minti 10 ya yi 30 don ya hanzarta sakamako, yana ƙara wa fatarsa zafi da bushewa ne kawai.

A kan kwali za a ga alamar hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ko alamar CE ta Turai. Yawancin waɗannan na'urori sun sami izinin FDA ne ta hanyar da ake kira 510(k), wadda ke nufin an nuna cewa na'urar ta yi daidai da wata da ke kasuwa tun da farko. Wannan shaida ce mai amfani a kan aminci, amma ba ta kai matsayin gwajin da ake yi wa sabon magani ba. Ko da izini ma matsala tana iya bayyana daga baya: a 2019 kamfanin Neutrogena ya janye takunkuminsa na kuraje, mai haɗa shuɗi da ja, saboda fargabar illa ga idon masu wasu cututtukan ido da masu shan magungunan da ke sa ido jin haske. Darasin da ke ciki ya shafi zaɓi kai tsaye. Takunkumin da ke da shuɗi dole ya zo da marufin ido mai toshe haske, kuma rufe ido kaɗai bai wadatar ba, tunda fatar ido siririya ce. Ko da ja ne kaɗai, kallon waya ta cikin ramukan ido yayin da fitilu ke ci ba ɗabi'a ce mai kyau ba.

Wasu mutane bai kamata su fara ba sai da amincewar likita. Daga ciki akwai masu shan magungunan da ke sa fata jin haske, kamar doksisaikilin da tetarasaikilin, waɗanda abin mamaki su ne ake yawan ba masu kuraje, da aisotiretinoyin, da amiyodaron na ciwon zuciya. Akwai masu cutar lufus ko forfiriya, da masu farfaɗiyar da haske ke tayarwa, musamman idan na'urar tana da tsarin ƙyaftawa, da masu ciwon kai na ɓari guda da haske ke motsawa, da masu cutar da ta shafi bayan ido. Mata masu juna biyu kuma kamfanoni da kansu sukan ce su dakata, domin ba a gwada na'urorin a kansu ba. Duk wani tabo da ke girma, yana sauya launi ko yana zubar da jini, wurin likita za a kai shi, kada a haska masa komai.

Kwatancin da ya fi kowanne muhimmanci shi ne tsakanin takunkumin da abin da ake shafawa. A fannin kuraje, benzoyil feroksaid da adafalin suna da shekaru masu yawa na gwaji a bayansu, kuma adafalin yana buɗe ƙofar gashin da ta toshe, abin da haske ba ya yi. A fannin tamoji, tiretinoyin, wanda aka amince da shi a Amurka a 1971 domin kuraje kafin a gano amfaninsa ga fatar da rana ta tsufar, har yau shi ne ma'aunin da ake gwada sauran da shi. Man kariya daga rana kuma ya fi duka, tunda yana hana ɓarnar tun kafin ta faru, kuma mai launi wanda ke ɗauke da sinadarin ayan oksaid yana tare hasken da ido ke gani, wanda ya sa ya fi dacewa da mai melasma. Inda takunkumi ya fi su shi ne sauƙinsa ga fata: ba ya sa saɓa, ba ya sa raɗaɗi, don haka mai fatar da ba ta jure retinol, wato sinadarin shafawa ɗan uwan tiretinoyin, yana da dalilin gwada shi. Na'urorin asibiti kuwa sun fi na gida ƙarfi, kuma likita yana daidaita adadin hasken da irin fatar mutum, sai dai suna buƙatar zuwa akai-akai. Wanda kuɗinsa ba zai ishi duka ba, ya fara da man kariya da maganin shafawa, takunkumi ya zo daga baya.

Wurinsa a tsarin kula da fata na yau da kullum bai da wuyar ganewa. Ana wanke fuska, a busar da ita, a saka takunkumin a kan fata tsirara, domin hoda, man kariya daga rana da mai mai kauri duk suna tare haske. Bayan an cire ne ake shafa sauran abubuwa. Mai amfani da retinol ko sinadaran saɓa fata ya bar su zuwa bayan zaman, kuma idan fatarsa ta fara bushewa ya raba musu darare. Yawancin na'urori masu laushi suna neman zama uku zuwa biyar a mako, kuma amfanin yana ja da baya idan aka daina, don haka wanda zai saya ya san cewa ɗawainiya ce mai ɗorewa. Ba a aron takunkumi tsakanin mutane sai an goge shi sosai, musamman idan ɗaya yana da kuraje masu ruwa.

Mai fata mai haske da ke fama da ƙananan kuraje masu kumburi zai fi amfana da haɗin shuɗi da ja mai marufin ido. Mai duhun fata da ke da irin waɗannan kuraje ya zaɓi na'urar da ake iya kunna janta shi kaɗai, ya bar aikin kashe bakteriya ga maganin shafawa. Wanda damuwarsa tamoji ce da rashin laushi, ja da infirared sun ishe shi, shuɗi ba shi da abin da zai ƙara masa. Kowanne aka ɗauka, a fara da gwaji a cikin damtse, a jira kwana ɗaya a ga ko wurin ya yi ƙaiƙayi ko duhu, sannan a ɗauki hoton fuska a wuri ɗaya da haske ɗaya kafin zaman farko, a sake ɗauka duk bayan mako huɗu, kuma kada a fara wani sabon mai a cikin wannan lokaci, in ba haka ba ba za a san wanda ya yi aikin ba. Idan tabo ya fara ƙara duhu, ko ido ya riƙa ganin ɗigo-ɗigo bayan an cire na'urar, a tsaya nan take a nemi likita. Idan kuma hoton mako na 12 bai bambanta da na farko ba, wannan na'ura ba ta yi wa wannan fata aiki ba, kuma saboda haka ne ya kamata a karanta sharaɗin mayar da kaya da tsawon garanti tun kafin a biya.